Kirarin Soja Bayan An Ajiye Bindiga

Ranar 15 ga Yuli, 2025, da aka binne Muhammadu Buhari a Daura, mun ga an yi ta yaɗa tsofaffin waƙoƙin soja a waya. Marigayin yana cikin matasan hafsoshin da suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Sauraron waƙoƙin ne ya sa muka sake duban kirarin yaƙi da idon nazari.

Kirari ba baƙo ba ne a ƙasar Daura. Mafarauta da 'yan tauri da 'yan dambe duk da shi suke shiga fage. Gininsa ɗaya ne: mai yi ya kambama kansa, ya zama zaki ko guguwa, abokin gaba kuma ya koma abin farauta. Amfaninsa shi ne ya kori tsoro daga zuciya kafin ƙafa ta motsa.

Mawaƙan zamanin basasa irin su Mamman Shata, da marubuta irin su Aƙilu Aliyu, wannan gini suka ɗauka suka yi wa sojan tarayya, rediyo ya kai shi har bakin daga. Ta fuskar fasaha, sun cika aiki: gajerun jimloli, amshi mai saurin kamawa, kiɗa mai tafiya da taku.

Inda muke da ja shi ne nan. Kirari na buƙatar maƙiyi, maƙiyin basasa kuwa ɗan ƙasa ne, wanda gobe za a koma cin kasuwa ɗaya da shi. A Janairun 1970 Janar Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. To, ina za a kai waƙar da aka gina kan cin nasara? Ba ta da gurbin yaran da yunwa ta kashe a Biyafara, ba ta da na sojan da ya komo Zango ko Mai'aduwa da ƙafa ɗaya.

Sai a 1982 Bature Gagare ya taɓo giɓin a Ƙarshen Alewa Ƙasa, inda tsofaffin sojoji suka zama kayan aikin ɓarna. Har yau giɓin bai cike ba, ga shi masu labarin suna ƙarewa. Marubutan Daura, ku je ku zauna da su tun ana iya tambayarsu.