Wa Ke Biyan Makaɗi?

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Babu sana'ar da wannan magana ta kama kamar waƙa, gama mawaƙi da kyautar mutane yake ci, wanda ya sa masa riga kuwa yana da rabo cikin abin da bakinsa zai faɗa. In mai karatu yana son ya ga yadda abin yake, ba sai ya yi nisa ba, ya dubi ƙasar Maska.

Maska tsohon gari ne, sananne wajen saƙa da rini tun zamanin sarakunan Haɓe. A zamanin Turawa hakimci ya koma Funtuwa, inda hanyar jirgin ƙasa ta Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta ratsa, aka buɗe ta a 1929. Har yanzu hakimin Funtuwa Sarkin Maska ake ce masa. Jirgi da auduga suka haifar da sababbin masu kuɗi, watau dillalai da fatake da masu motoci. A da kyauta mai tsoka daga fada take fitowa, amma daga nan sai ƙofofi suka yi yawa.

To, shi kiɗan fada yana da ƙa'idarsa. Tambari da kakaki da taushi da kotso na sarauta ne, kalangu kuwa na mahauta ne da dandalin 'yammata. Makaɗin fada yana da ubangida ɗaya, kamar yadda Narambaɗa ya tsaya ga Sarkin Gobir na Isa Amadu. Amfanin wannan zama shi ne, da yake an ɗauke masa ci da sutura, yana da sararin da zai zauna da 'yan amshinsa su tace waƙa, har ta fito da Hausa mai zurfi da zambo mai kaifi. Aibinsa kuwa, abin da sarki ba ya son ji ba ya shiga waƙar, talaka ma bai cika fitowa a ciki ba sai a kan mai biyayya.

Alhaji Mamman Shata bai bi wannan hanya ba. An haife shi a Musawa, ya zauna Bakori da ƙuruciya, ya yi gida a Funtuwa, ya rasu ran 18 ga Yuni, 1999. Kalangun nan da fada ta rena shi ya ɗauka. Ya yi wa sarakuna waƙa, irin su Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya kuma yi wa direbobi da manoma da 'yan kasuwa, har kumbon da mutanen Amurka suka aika wata a 1969 bai bar shi ba. Amshinsa gajere ne, Hausarsa ta kasuwa ce, yana kuma iya ƙaga waƙa nan take a tsakiyar fili. Lalle yana da tasa kasawar, domin waɗansu waƙoƙin jerin sunayen masu kyauta ne kurum, ga yawan maimaici. Amma da yake iyayen gidansa suna da yawa, babu guda da ya isa ya kulle masa baki. Sa'ad da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, manya ne suka biyo kunnen talakawa.

Bayan fada da kasuwa, akwai ubangida na uku, watau gwamnati da jam'iyya. Hannun gwamnati ya taɓa yin alheri babba. Gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta sa a 1933, ƙarƙashin Dokta East, ita ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Sai dai irin labarin da alƙalan gasa suka so shi ya zama abin koyi ga marubuta shekara da shekaru. Hukumar NORLA, wadda ta buga littattafai domin waɗanda suka gama ajin Yaƙi da Jahilci, an rufe ta a 1959, buga sababbin littattafai ya ja baya. Abin da ya dogara ga jaka ɗaya, ranar da aka ɗaure bakinta ya tsaya.

Haka kuma abin da shugabanni suka zaɓa su nuna shi jama'a kan ɗauka ya fi kyau. Waƙar da gidan rediyon Kaduna ya yawaita sawa, tun kafa shi a 1962, ita yara kan haddace a ƙauye. A bikin FESTAC na 1977 hawan daba aka yi a Kaduna domin baƙin duniya, dawaki da lifidi suka zama fuskar Arewa. Mai gangar noma, wanda ke zuga samari a gayya, ba safai ake tunawa da shi ba in ana rabon kuɗin al'adu, alhali manoma su ne masu biyan haraji.

Waƙar jam'iyya ta yi ƙarfi tun zamanin NEPU da NPC. A wannan yanki, Dauda Rarara, mutumin Kahutu ta ƙasar Danja, ya shahara da waƙoƙin da ya yi wa Muhammadu Buhari da APC a zaɓen 2015. Irin wannan waƙa tana da saurin shiga kunne, tana kuwa tara jama'a. Haɗarinta shi ne ranta yana ɗaure da zaɓe, in an sake gwamnati sai a sake amshi. Shata kansa ya yi siyasa, har ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa a Jamhuriya ta Uku, amma ba don wannan ake tunawa da shi ba. Abin lura ne, shi da Narambaɗa kowanne yana da waƙa mai suna Bakandamiya, inda ya wasa kansa da sana'arsa, ita ce kuwa mutane suka fi riƙewa.

Saboda haka shugaban da ke son a gode masa nan gaba, sai ya kashe kuɗin jama'a wajen abin da kowane mai fasaha zai amfana: ɗakunan karatu, da gasa wadda alƙalanta ba yaran gwamna ba ne, da adana muryoyin tsofaffin makaɗa tun suna da rai. Shi kuwa mai karatu, in ya ji sabuwar waƙa, ya tambayi kansa wa ya biya ta, me kuma ya rage cikinta in an cire sunan mai biya. In abin da ya rage ya isa a saurara, to, ya sa hannu aljihu ya ba makaɗin nasa rabon.