Sauya Asalin Tauraro da Gardamar Masu Karatu: Labaran Zane na Amurka a Ma'aunin Adabin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama a majalisun samari a Azare ko Jama'are a 'yan shekarun nan, ya san wata irin gardama da ba a saba ji ba a da. Ana kallon finafinan Batman da Spider-Man a wayar hannu, sannan a ɓarke da musu. Wannan ya ce Joker ne ya kashe iyayen Batman, wancan ya rantse cewa wani ɗan fashi ne can daban. Kowannensu yana da gaskiya, domin fim ɗin 1989 ya ɗora laifin a kan Joker, na 2005 kuwa ya mayar da shi kan Joe Chill, wanda mujallar ta ambata tun 1948. Musun ya girme su. Gadonsa suka yi daga masu karanta mujallun labaran zane na Amurka, waɗanda suka haura shekara sittin suna ja-in-ja da kamfanonin DC da Marvel a kan sauya asalin taurari da tsinke zaren labari.

Wannan maƙala za ta dubi wannan gardama, ta kuma auna ta da abin da aka sani game da taurarin adabin Hausa. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, masu karatu ba sunayen garuruwa da shekaru suke karewa ba, ko da yake da su suke kafa hujja. Abin da suke karewa shi ne dalilin da ya mayar da tauraro tauraro.

2.0 Tushen Matsalar

Superman ya fara bayyana a 1938, daga alƙalamin Jerry Siegel da zanen Joe Shuster. A shafi ɗaya tak aka ba da asalinsa: jariri ne daga wata duniya da ta halaka, wani mai wucewa da mota ya tsince shi, aka kai shi gidan marayu. Ba ya tashi sama a lokacin, tsalle kawai yake yi. Sai a 1939 aka ba shi iyayen riƙo, dutsen nan da ke karya masa lago kuwa a wasan rediyo ya fara fitowa a 1943. Wato tun daga farko a kan hanya ake ɗinka masa riga.

Marubucin ƙagaggen labari yana da ikon kashe tauraronsa ya ajiye alƙalami. Kamfani ba shi da wannan iko, domin tauraron ne jarinsa, kuma dole mujalla ta fito kowane wata. Umberto Eco ya lura da wannan tun a shekarun 1960, inda ya nuna cewa ana buƙatar Superman ya zauna daram kamar tauraron almara, a kuma lokaci guda ya riƙa rayuwa cikin kwanaki da shekaru kamar tauraron ƙagaggen labari. Marubuta da yawa sun yi ta karɓar labari ɗaya hannu da hannu, kowa da abin da ya ƙara, har saɓani ya taru ya yi yawa. Kamfanin Marvel ya mayar da abin wasa a shekarun 1960: mai karatun da ya gano kuskure, ya kuma ƙago bayanin da zai rufe shi, sai a aika masa da ambulan wadda babu komai a ciki, a matsayin kyauta. Raha ce, amma ta koya wa masu karatu cewa su ma masu tsaron labarin ne.

Kamfanin DC kuwa tiyata ya yi. A tsakanin 1985 da 1986 ya fitar da Crisis on Infinite Earths, fitowa 12, inda Marv Wolfman da George Pérez suka rushe duniyoyi barkatai da aka ƙirƙira don ɗaukar ruwayoyi masu karo da juna, suka bar guda ɗaya. Daga nan John Byrne ya sake rubuta asalin Superman a 1986, ya shafe zamanin ƙuruciyarsa na jarumta, wato Superboy. Sai ga shi akwai wata ƙungiyar jarumai da aka kafa labarinta tun 1958 a kan cewa Superboy ne abin koyinta. An tsinke zare ɗaya, saƙar ta kama warwarewa ta wani gefe, aka shafe shekaru ana faci. A 2011 aka sake share allo, aka fara mujallu 52 daga lamba ta ɗaya.

3.0 Abin da Masu Karatu Ke Karewa

Ba kowane sauyi ne ya jawo hayaniya ba, kuma a nan ne manazarci ya kamata ya tsaya. Byrne ya raya iyayen riƙon Superman har zuwa girmansa, ya mayar da abokin gabarsa Lex Luthor hamshaƙin attajiri bayan an san shi da masanin kimiyya. Waɗannan manyan sauye-sauye ne, amma sun zauna, har finafinai da wasannin talabijin suka ɗauke su.

A kwatanta wannan da abin da ya faru da Spider-Man, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka ƙaga a 1962. Cizon gizo-gizo ne ya ba shi ƙarfi, amma ba shi ne ya sa shi zama jarumi ba. Ɓarawo ya wuce ta gabansa, ya ƙi tare shi don yana ganin ba ruwansa, daga baya ɓarawon nan ya kashe kawunsa Ben da ya rene shi. Nadama ce asalinsa. Saboda haka da fim na uku na 2007 ya zo ya ce ai wani ne daban ya yi harbin, ya taɓa ginshiƙin da ɗakin ke tsaye a kai, domin ya rage wa yaron nauyin da ya sa shi ɗaukar aikin tun farko.

A wannan shekara ta 2007 mujallar ta yi abin da ya fi haka muni. Tun 1987 Peter Parker yake da aure da Mary Jane. Editoci suna ganin aure ya tsufar da shi, ba sa kuma son saki ko mutuwa, sai aka sa ya ƙulla yarjejeniya da shaiɗanin nan Mephisto, ya ba da aurensa fansar ran gwaggonsa May, aka wayi gari ba a taɓa ɗaura auren ba. Masu kare wannan mataki suna cewa yara masu tasowa su ma suna da haƙƙin su sami Spider-Man saurayi kamar yadda iyayensu suka same shi. Hujja ce mai ƙarfi, ba a raina ta. Sai dai tauraron da aka gina a kan ɗaukar sakamakon aikinsa, an sa shi ya guje wa sakamako ta hanyar tsafi, kuma an gaya wa wanda ya yi shekara ashirin yana sayen mujalla cewa abin da ya karanta bai faru ba. Haka aka sake gani a 2016, da aka nuna Captain America a matsayin ɗan leƙen asirin ƙungiyar Hydra. Yahudawa biyu, Joe Simon da Jack Kirby, su suka ƙaga shi, kuma a bangon fitowarsa ta farko, mai ɗauke da shekarar 1941, Hitler yake naushi. Kowa ya san za a warware ƙullin daga baya, an kuma warware, amma hakan bai hana fushi ba.

4.0 Gizo da Iliya

Bahaushe yana da nasa Gizon, kuma ba a taɓa jin an yi musu a kan zaren labarinsa ba. A wannan tatsuniya a lakaɗa masa duka har ya sheƙa barzahu, gobe da dare ga shi garau yana yaudarar Kura. Ba yaron da zai tambayi kakarsa yadda aka yi ya tashi. Kowace tatsuniya da ƙurunƙus ɗinta, ba ta bin wata bashi. Amma a gwada kawo Gizo mai gaskiya da riƙon amana, mai magana ba tsamin baki, a ga ko yara za su yarda. Adabin baka yana sakin al'amuran da suka faru, ya riƙe hali gam.

Misalin da ya fi kusa da batun wannan maƙala shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a shekarun 1950. Asalin Iliya shi ne Ilya Muromets, sadaukin waƙoƙin baka na Rashawa, wanda ya yi shekara 33 a gurgunce kafin wasu matafiya masu ibada su warkar da shi. Birnin Kiev ya koma Kib, Sarki Vladimir ya koma Waldima, ƙaton nan Svyatogor ya koma Wargaji, addinin tauraron ma ya sauya. Da wuya a sami sauyin asali da ya kai wannan a duk tarihin DC da Marvel. Duk da haka labarin bai girgiza ba, domin Ingawa ya bar ƙashin bayansa: naƙasasshe ne da baƙi suka tayar, ƙarfinsa kyauta ce mai sharaɗi ba abin da ya haifa wa kansa ba, kuma ƙarshensa ya zama dutse. Ɗaliban da suka karanta littafin a makarantun Katagum da sauran ƙasar Hausa ba su ɗauki Iliya baƙo ba, har sunan dokinsa Kwalele ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa buɗe littafin ba.

Za a iya cewa ai masu karatun Hausa ba su san na Rasha ba, shi ya sa ba su yi ƙorafi ba. Gaskiya ne, amma yanzu an sani, kamar yadda aka san tushen yawancin labaran Magana Jari Ce bayan binciken Ibrahim Malumfashi, kuma sanin bai rage wa Iliya kwarjini ba. Ranar da mai shirya fim ko mai zane zai ɗauki Iliya ya ce da ƙarfinsa aka haife shi, ko ya ce wani boka ne ya tsuma shi, a ranar ne za a ji irin kukan da masu karanta Spider-Man suka yi, ko da kuwa ya bar Kib da Waldima da Kwalele a wurarensu.

5.0 Mai Ikon Ruwaya

Inda Bahaushe ke musu a kan asali shi ne inda asalin ke da mai shi. Labarin Bayajida yana da ruwayoyi, kuma manazarta sun daɗe suna saɓani a kansa: Hallam a 1966 ya danganta shi da Abu Yazid, ɗan tawayen Arewacin Afirka da ya rasu a 947, Abdullahi Smith kuwa a 1970 ya ƙi yarda a ɗauki labarin a matsayin bayanin kafuwar daulolin Hausa. A ƙasar Guddiri ma akwai ruwayar da ke cewa 'yan'uwa uku ne suka kafa Shira da Tashena da Auyo, kuma Victor Low, wanda ya yi nazarin tarihin baka na Gombe da Katagum da Haɗeja a littafinsa na 1972, sai da ya yi ta gwada bakin wannan da na wancan. Irin waɗannan labarai suna da zafi domin sarauta da gado da martabar gari suna rataye da su. Ba wanda ya gaji komai daga Gizo.

Taurarin labaran zane sun faɗa tsakanin waɗannan biyu. Jama'a suna jin su a jika kamar Gizo, amma suna da fada, wato kamfani, mai ikon cewa wannan ruwaya ce ingantacciya, waccan an soke ta. Siegel da Shuster sun sayar da Superman a kan dala 130 a 1938, suka kuma shafe shekaru suna shari'a ba su dawo da shi ba. Bisa dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, wa'adin wannan fitowa ta farko zai cika a farkon 2034, na Batman kuma a 2035. Daga lokacin, mai zane a Azare yana iya ɗaukar Superman na 1938 ya ba shi labarin da ya ga dama, muddin bai taɓa abin da aka ƙara masa daga baya ba. Wanda zai samu shi ne ɗan gidan marayun nan mai tsalle, wanda bai iya tashi sama ba tukuna.