Masu Raba Adireshi da Ka

Wanda zai zauna jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco ba a barinsa ya shiga da kalkuleta. Ɗan allo ake miƙa masa da alƙalamin maka, a ba shi minti 120 da tambayoyi wajen ɗari, kuma duk tambayar da ya amsa ya wuce, ta wuce ke nan, babu komawa baya. Cikin wannan matsi za a jefo masa abu irin 192.168.10.77/26, a ce ya faɗi inda rukunin wannan adireshi ya fara, da inda ya ƙare, da yawan kwamfutocin da zai iya ɗauka. Ɗalibin da ya haddace ma'anar kalmomi kawai, nan yake tsayawa cak. Gwani kuwa kan ka ce kwabo ya ba da amsa, ko allon bai taɓa ba.

Masu sana'ar suna ce wa wannan aiki sabnetin, wato yanka babban rukunin adireshi zuwa ƙananan rukunai. A duk abin da ake koya a fannin haɗa kwamfutoci da tsaronsu, ban ga wanda ke burge ni kamarsa ba, domin shi ba ya karɓar kame-kame. Ko dai ka gane, ko ba ka gane ba.

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi, kuma a tsarin IPv4, wanda aka tsara tun 1981, adireshin nan lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. Wannan ita ce fuskar da ake nuna wa mutum. A wurin na'ura, jerin bit 32 ne, kowane bit ko 0 ko 1, takwas-takwas a gida huɗu. Adireshin ya kasu biyu kamar na wasiƙa: ɓangaren farko sunan unguwa ne, na ƙarshe lambar gida. Abin da ya sa lamarin yake da wuya shi ne iyakar da ke tsakanin unguwa da gida ba a wuri ɗaya take zaune ba. Lambar nan da ke bayan silash ita ke faɗin inda aka ja layin.

To ga yadda gwani ke karanta 192.168.10.77/26. Silash 26 na nufin bit 26 na unguwa ne, saura 6 na gidaje. Idan aka ninka biyu sau shida za a sami 64, ke nan kowace unguwa a nan gida 64 ce, kuma unguwannin suna farawa daga 0, sai 64, sai 128, sai 192. Lamba 77 ta haura 64, ba ta kai 128 ba, don haka tana cikin ta biyu. Adireshi na farko, mai ƙarewa da 64, sunan rukunin ne, ba a ba kowa shi. Na ƙarshe, mai ƙarewa da 127, na shela ne, wanda idan aka aika saƙo ta kansa kowa a rukunin zai ji. Abin da ya rage daga 65 zuwa 126 shi ne na rabo: kwamfuta 62. Bayanin ya ci layi da yawa a takarda, amma a kan wanda ya saba, tsalle ɗaya ne. Da ya ga 26 ya ga 64, da ya ga 77 ya san inda ta faɗa.

Inda ake gane na ƙwarai shi ne idan layin ya koma cikin lamba ta uku. Ɗauki 172.16.45.200/20. Sabon shiga idonsa kan 200 yake zuwa, alhali ba ruwan 200 da maganar. Bit 20 ya cinye lambobi biyu na farko, ya gutsuri huɗu daga ta uku, saboda haka tsallen sha shida-sha shida ne a lamba ta uku: 0, 16, 32, 48. Lamba 45 tana tsakanin 32 da 47. Rukunin ya tashi daga 172.16.32.0 ya tsaya a 172.16.47.255, kuma zai ɗauki na'ura 4,094. Duk wanda ya yi wannan da ka, cikin natsuwa, agogo na tafiya, ya cancanci a jinjina masa.

Ba don a wahalar da ɗalibai aka ƙirƙiro wannan lissafi ba. Ƙarancin adireshi ne ya haife shi. Bit 32 ba ya ba da fiye da adireshi biliyan 4.3, kuma da farko aji-aji ake rabo: aji C mai 254, aji B mai 65,534, aji A mai sama da miliyan 16. Kamfanin da ke buƙatar adireshi 2,000 ya fi ƙarfin aji C, sai a damƙa masa aji B, sama da 63,000 su zauna a banza. A 1993 aka fito da tsarin CIDR, wanda ya ba da damar jan layi a duk inda buƙata ta tsaya, kuma daga nan silash ya shigo. Wannan dabara, tare da adireshin cikin gida irin masu farawa da 10 ko 192.168 da kowa ke iya maimaitawa a ofishinsa, ta ja wa IPv4 kwana sosai. Duk da haka, ranar 3 ga Fabrairu 2011 hukumar IANA ta raba manyan rukunai biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka.

A bakin aiki abin ya fi daɗin kallo. A ce an ba injiniya rukuni ɗaya na /24, adireshi 256, don makaranta mai ɗakin kwamfuta na ɗalibai 100, ofisoshin ma'aikata 50, kyamarorin tsaro 20, da waya ɗaya da ta haɗa ruta biyu, wato na'urorin da ke nuna wa saƙo hanyar da zai bi. Daga babba yake farawa. Ɗalibai su ɗauki /25, daga 0 zuwa 127. Ma'aikata /26, daga 128 zuwa 191. Kyamarori /27, daga 192 zuwa 223. Wayar nan da ke buƙatar adireshi biyu kacal a yanka mata /30, daga 224 zuwa 227. Babu rukunin da ya hau kan wani, kuma ga saura an ajiye don gaba. Idan ya fara da ƙarami ba tare da lura ba, yana iya tarar babban ya rasa wurin zama, domin rukunin 128 ba ya farawa sai daga 0 ko daga 128.

A nan ne maganar tsaro ta shigo, kuma a ganina nan ne darajar wannan ƙwarewa take. Katangar tsaro ba ta san ɗalibi ba, ba ta san akawu ba. Rukuni kawai ta sani. Idan ana so a hana kwamfutar ɗalibi leƙa inda aka ajiye sakamakon jarrabawa, ko a hana kyamarar da aka yi wa kutse zama tsani zuwa ofishin kuɗi, da waɗannan lambobi ake rubuta dokar. Wanda ya rubuta /25 inda ya kamata ya rubuta /26 ya buɗe ƙofa ga ninki biyu na waɗanda ya yi niyya, kuma babu ƙararrawar da za ta kaɗa ta sanar da shi. Komai zai ci gaba da aiki lafiya lau har ranar da ɓarna za ta auku.

Akwai kuma ƙa'idar da duk wata ruta a duniya ke bi: idan hanyoyi biyu suka dace da adireshi ɗaya, wadda lambar silash ɗinta ta fi girma ita ake bi, domin ta fi nuna wurin daidai. Ranar 24 ga Fabrairu 2008 duniya ta ga abin da wannan ƙa'ida ke iya yi. Gwamnatin Pakistan ta ba da umarnin toshe YouTube a cikin ƙasar, sai kamfanin Pakistan Telecom ya shelanta cewa hanyar 208.65.153.0/24 ta wurinsa take. Nufinsa shelar ta tsaya a gida, amma ta tsallaka ta hannun kamfanin PCCW na Hong Kong ta bazu. YouTube kuwa 208.65.152.0/22 yake shelantawa. Mai ido ya riga ya ga matsalar: /22 ɗin nan ya tashi daga 152 zuwa 155, lamba 153 tana cikinsa, kuma 24 ta fi 22. Sai rutocin duniya suka karkatar da masu neman YouTube zuwa Pakistan, shafin ya ɓace wa jama'a na kusan awa biyu. Cikin matakan da injiniyoyin YouTube suka ɗauka har da shelanta /25 guda biyu, don su rinjayi /24 ɗin da irin makaminsa.

Shi ya sa nake ganin ɗalibin da ke shirin CCNA, ko Network+ da Security+ na CompTIA, bai kamata ya fara da tara takardun haddar gajerun sunaye ba. VLAN da ACL da NAT da DHCP duk suna da amfani, amma kowannensu a kan rukunin adireshi yake tsaye, kuma wanda ya iya rabon zai ga suna shiga kansa ba tare da dole ba. Hanyar koyo ba ta da wani sirri. Lambobi takwas ne ake riƙewa, 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1, sannan a riƙa ƙirƙiro adireshi ana warwarewa kullum, a mota, a layin banki, har hannu ya daina neman biro.

Tsarin IPv6 ya zo da adireshi mai bit 128, ya kawar da fargabar ƙarewa, amma bai kawar da silash ba. A can, rukunin da aka saba ba kowane ɓangare na ofis /64 ne, ma'aikata guda kuma sau da yawa /48 ake ba ta. Ka tambayi gwani rukuni nawa ke nan a hannunta, zai cire 48 daga 64, ya ninka biyu sau 16, ya ce maka 65,536.