Hikimar Jera Akwatunan Jita Mai Lantarki

Mai kallon makaɗin jita, ko Bombino ne na Agadas ko wani gwani daga Amurka, a kan yatsu idonsa yake tsayawa. Amma a gaban ƙafafun makaɗi akwai wasu ƙananan akwatunan ƙarfe a jere, gajeriyar waya ta haɗa wannan da wancan. Kowanne yana da maɓallin da ake takawa, shi ya sa ake ce musu feda. Biyu daga cikinsu sun fi gwada basirar mai jerawa: busta da obadiraif.

Mu fara daga tushe. Idan aka taɓa tsirkiya, maganaɗisun da ke ƙarƙashinta, wanda aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, yakan mayar da karkarwarta 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai. Wutar nan za ta bi waya, ta ratsa akwatuna ɗaya bayan ɗaya, ta isa amfilifaya, sannan lasifika ta furta ta. Kowane akwati abin da na gabansa ya miƙo masa kawai yake gani, a kansa yake aiki. A nan hikimar take.

Busta aikinsa ƙara ƙarfi, ba tare da ya sauya kamannin sauti sosai ba. Irinsa na farko-farko shi ne LPB-1, wanda kamfanin Electro-Harmonix na birnin New York ya fitar a 1968. Shi kuwa obadiraif, ƙara ƙarfin yake yi sannan ya datse kan sautin da wasu 'yan ƙananan na'urori da ake kira dayod, sai murya ta yi kauri da ɗan kaushi, ta kuma daɗe tana amo. Kwaikwayo yake yi na tsohuwar amfilifaya mai kwalaben lantarki idan an ƙure ta. Wanda ya fi shahara shi ne koren akwatin nan Tube Screamer na kamfanin Ibanez, da injiniya Susumu Tamura ya ƙera a Japan, ya fito a 1979. Abubuwan murɗawa uku gare shi: na yawan kaushi, na kaifin murya, da na ƙarfin fita.

To, wa zai riga wa?

A sa busta a gaba, obadiraif na biye. An taka busta, wuta mai ƙarfi ta faɗa cikin obadiraif, amma shi yana da iyakar da ba ya bari a wuce. Kamar mudu ne da ya cika ake shafe bakinsa: ko an ƙara zuba gero, awon bai ƙaru ba, abin da ake shafewa ne ya ƙaru. Don haka ƙara ba ta tashi sosai. Kaushi ne ke yawaita, sauti ya matse, amo ya tsawaita. Wannan jeri ya dace da mai son muryar jitarsa ta yi nauyi ta riƙa ja kamar ba za ta yanke ba. Sai dai yana da farashi: duk wani huci ko gurnani da ke cikin waya, shi ma an ninka shi.

Yanzu a juya su. Obadiraif ya gama datsarsa, busta ya karɓi abin da aka gama ya ɗaga shi ɗungurungum. Kaushi yana nan yadda yake, ƙara ce ta ƙaru. Wannan shi ne jerin mai son ya fito fili a tsakiyar ganguna da sauran kayan kiɗa idan lokacin nasa ya zo, ya sake takawa ya koma cikin 'yan'uwa.

Gwani bai tsaya nan ba, domin ya san ita ma amfilifaya tana da tata iyakar. Idan tana da sauran sarari, busta na ƙarshe zai ɗaga ƙara. Idan kuwa an riga an ƙure ta, kome ƙarfin da aka tura mata kaushi za ta mayar. Mai irin wannan amfilifaya sai ya duba bayanta, inda wasu ke da ramuka biyu da ke ba da damar saka akwati bayan sashen da ke datse sauti, ya kai bustansa can.

Wani abin sha'awa kuma, obadiraif da kansa yakan yi aikin busta. Ana rage kaushinsa kusan ƙasa, a buɗe ƙarfin fitarsa. Tube Screamer yana rage kaurin ƙasa ya turo tsakiyar murya gaba, sai amfilifaya ta yi kaushi ba tare da sauti ya dagule ba. An san makaɗi Stevie Ray Vaughan na Texas da tura amfilifayar Fender da wannan akwati. Kafinsa, a Ingila ta shekarun 1960, akwai Rangemaster, busta mai fifita siririyar murya, wanda ma ba a ƙasa ake ajiye shi ba, a kan amfilifaya yake zama. Da irinsa Brian May na ƙungiyar Queen ya riƙa tura amfilifayar Vox AC30 har ya sami muryar da ake gane shi da ita.

Ga yadda mai haƙuri yake yi. Zai kashe akwatuna duka, ya saita amfilifaya har muryar jita zalla ta gamsar da shi. Zai kunna obadiraif shi kaɗai, ya daidaita ƙarfin fitarsa da na jita zalla, don kada takawa ta zama tsalle. Sannan ya ƙara busta, ya kaɗa jimlar kiɗa guda, ya sauya jeri, ya sake kaɗa ita dai wannan jimlar, abu ɗaya yake murɗawa a lokaci guda. Idan obadiraif biyu ya haɗa, ya san na ƙarshe ne ke da rinjaye a kan launin murya da ƙarfinta. Kuma zai gwada a irin ƙarar da zai yi wasa da ita, tare da abokan kiɗa, domin abin da ya yi daɗi a ɗaki yakan ɓace a fili.

Malalaci kuwa akwati yake ƙara saye duk lokacin da sauti bai yi masa ba, alhali sauya wurin gajeriyar waya ɗaya zai iya biya masa bukata. Bambancinsu ba a kuɗi yake ba, a sauraro yake.

Saboda haka, kai mai koyon jita, kafin ka ɗaura waya ka tambayi kanka abin da kake nema. In kaushi ne, busta ya riga obadiraif. In ƙara ce, ya biyo bayansa, ka kuma tabbatar amfilifayarka tana da sarari. Sauran aikin na kunnenka ne, sai ka ba shi lokaci.