3.3 Sharhi a Kan Bayanin da Takardun Python Suka Yi Game da Zaɓen Tsarin Haruffa

A wannan fasali za a yi nazarin yadda takardun jagora na Python suka yi wa mai karatu bayani a kan tsarin lambobin da manhaja take zaɓa idan za ta karanta rubutu ko za ta fitar da shi. Kwamfuta ba ta san harafi ba sai lamba, saboda haka kowane harafi sai an mayar da shi baiti ɗaya ko fiye kafin a ajiye shi. Idan aka ajiye da wani tsari, aka buɗe da wani daban, rubutun yakan dagule.

Abin da za a fara yaba wa waɗannan takardu shi ne ba su faɗi abin da ba haka yake ba. A ƙarƙashin umarnin open, wanda da shi ake buɗe fayil, an bayyana cewa idan mai rubuta manhaja bai ambaci tsari ba, to, zaɓin ya danganta da irin kwamfutar da ake aiki da ita. Sai dai a ganin mai wannan nazari, gaskiyar da aka faɗa a jimla ɗaya cikin dogon bayani ba ta isar da ɗalibi ba, domin ba a nuna masa girman abin da jimlar ta ƙunsa a wurin ba.

Misali zai ƙara fito da wannan batu. Yawancin kwamfutocin Linux da macOS suna aiki da UTF-8. Amma Windows da aka saita da Turanci ko Faransanci, wato irin wadda ake yawan samu a Nijeriya da Nijar, tana ba Python tsarin Windows-1252, wanda babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikinsa. A UTF-8 harafin ƙ baiti 2 ne, C6 da 99. Idan aka karanta su da Windows-1252 sai kalmar ƙofa ta koma Æ™ofa, kuma manhajar ba za ta ce uffan ba. Babban harafin Ɓ kuwa baitinsa na biyu 81 ne, wanda ba shi da gurbi a wannan tsari, don haka da an iso kansa sai aikin ya tsaya cak. Ke nan fayil ɗin Hausa guda yana iya lalacewa a ɓoye ko ya tsayar da manhaja, gwargwadon harafin da ya zo a ciki. Na farkon ya fi haɗari, tun da mai shi ba zai ankara ba sai bayan ya adana gurɓataccen rubutun.

Babban rauni na biyu shi ne warwatsuwar bayanin. Python ba ta da ƙa'ida ɗaya, ƙa'idoji ne da dama. Rubutun manhajar kansa UTF-8 ake ɗaukarsa tun daga Python 3.0 a shekarar 2008. Sunayen fayiloli da abin da ake fitarwa a allon umarni na Windows sun koma UTF-8 a Python 3.6 a 2016. Amma idan aka karkatar da abin da zai fito a allon zuwa cikin fayil, sai a koma wa tsohon tsarin Windows. Abin mamaki ke nan ga ɗalibi: ƙ ta fito lafiya a allo, amma da ya ce a zuba sakamakon a fayil sai manhajar ta ƙi. Kowace daga cikin waɗannan ƙa'idoji an rubuta ta, wata a babin sys, wata a babin os, wata a babin io, wata kuma a babin aiki da Windows. Wanda ya riga ya san matsalar ne kaɗai zai san inda zai dosa.

Su kansu masu kula da Python sun lura da haka. A shawarar da Inada Naoki ya gabatar mai lamba PEP 597, an nuna cewa cikin manhajoji 4000 da aka fi saukewa daga rumbun PyPI, 82 ba sa girkuwa daga tushe a kwamfutar da ba UTF-8 take amfani da shi ba, saboda marubutansu ba su ambaci tsari ba. Waɗannan fa ba 'yan koyo ba ne. Wannan shawara ce ta kawo gargaɗin EncodingWarning a Python 3.10 a 2021, aka kuma ƙara wani sashe a babin io da yake jan kunnen mai karatu kai tsaye. Wannan sashe ya fi sauran armashi, domin ya kawo misalin kuskuren da kansa. Sai dai gargaɗin ba ya fitowa sai an kunna shi da gangan, wanda bai san da shi ba kuwa ba zai kunna ba.

Har ila yau, a 2022 an amince da PEP 686, wadda ta tsara cewa daga Python 3.15 UTF-8 ne zai zama zaɓin asali a ko'ina. Java ta riga ta ɗauki irin wannan mataki a fitowarta ta 18 a wannan shekarar. Wannan zai jawo wa takardun sabon aiki, domin tsofaffin fayilolin da aka ajiye da Windows-1252 su ne za su fara ƙin buɗuwa, kuma dole a gaya wa mai karatu wace ƙa'ida ce take aiki a kowace fitowa.