Kalmar Fansa da Fassarar Ishaya 53

Babu wani wuri a littattafan annabawa da Kirista suka fi dogara da shi wajen bayyana aikin Mai Ceto kamar sura ta 53 ta Littafin Ishaya. A can aka siffanta wani bawan Ubangiji wanda aka ƙi, ya ɗauki laifin waɗansu, aka kai shi mayanka kamar ɗan rago. A sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni, Filibus ya bayyana wa ma'ajin sarauniyar Habasha cewa Yesu ake nufi. Malaman Yahudu kuwa, irin su Rashi wanda ya rasu a 1105, sun ce bawan nan Isra'ila ne, gama Ishaya 41:8 ta kira al'ummar da wannan suna.

To, Bahaushe mai karatu yana da wata matsala tasa dabam. Sa'ad da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, ba a gama soke bauta a Nijeriya ta Arewa ba, sai a 1936. Saboda haka kalmar fansa, wadda ake bayyana aikin Almasihu da ita, ta iske mutanen da suka san ta ido da ido. Fansa dukiya ce da ake biyan ubangijin bawa don ya sake shi. Tilas mai ji ya tambaya, wa aka biya?

Tambayar nan tsohuwa ce. Orijin na Iskandariya ya ce Shaiɗan ne ya karɓa. Anselm na Kantabari, cikin littafin da ya gama a 1098, ya ƙi wannan, ya ce hakkin na Allah ne. Amma wanda ya duba surar da kyau zai ga annabin bai yi zancen ciniki ba. Aya ta 10 maganar hadaya domin laifi take yi. Maganar fansa daga Markus 10:45 ta zo, masu tafsiri suka haɗa su.

Don haka ya kyautu malamin da ke koyar da wannan sura ya rarrabe wa ɗalibansa abu uku, watau abin da nassin ya faɗa, da yadda manzanni suka fahimce shi, da kuma nauyin da kalmar Hausa ta ɗoro masa. In ya cuɗanya su, ɗalibi zai jingina wa annabin maganar da bai yi ba.