Wa Ke Koya wa Budurwa So? Sharhi a Kan Littattafai Biyu

A gidan Bahaushe uwa ba ta zaunar da 'yarta ta yi mata bayanin so, balle in 'yar fari ce, wadda ko sunanta ba ta faɗa saboda kunya. A da wannan aikin kaka ne da gwaggo, sai kuma ƙawaye a dandali. To, tun daga 1980, sa'ad da kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, sai wani sabon malami ya shigo gida, watau littafin soyayya, wanda yarinya kan ɓoye a ƙarƙashin katifa ko cikin akwatinta na makarantar kwana. Masana sun daɗe suna jayayya ko waɗannan littattafai adabi ne, har aka laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, a 2007 kuma aka ƙone wasu a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya. Wannan jayayya na bar wa malamanmu. Abin da ya dame ni shi ne, tunda dai an riga an karanta su, me suka koya wa yarinya 'yar shekara 14 game da wanda za ta so da wadda za ta yi ƙawance da ita?

Mu fara da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991. Tauraruwarsa Sumayya 'yar masu hali ce, ta kamu da son Muhammad talaka, a gida kuwa aka nace sai ta auri attajiri Abdulƙadir. Jigon a fili yake: kuɗi ba sa sayen zuciya, auren dole kuma ɓarna ne. Marubucin ya isar da wannan saƙo da harshe mai sauƙi, shi ya sa littafin ya shiga hannun matasa ƙwarai. Amma fa da abin dubawa. Da aka matsa wa Sumayya, abin da ta yi shi ne ta faɗa rijiya. Na san cewa marubucin iyaye yake wa gargaɗi, yana nuna musu inda tilas kan kai yaro. Sai dai yawancin masu karatun ba iyaye ba ne, tsaran Sumayya ne, kuma abin da yarinya za ta iya ɗauka shi ne girman so ana auna shi da girman wahalar da aka sha dominsa. A nawa ganin wannan darasi ne mai haɗari. Sa'an nan shi Muhammad an zana shi ba shi da aibu sai talauci, saboda haka mai karatu ba ta koyi yadda ake auna halin saurayi ba. Mugu yana waje ɗaya, masoyi yana waje ɗaya, zaɓi ya zo da sauƙi. A zahiri kuwa sau da yawa mai cutar da yarinya shi ne wanda ke zuwa zance wurinta da daɗin baki.

Nan ne Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ya yi fice. Ita kanta marubuciyar an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, don haka ta san abin da take faɗa. Abu, tauraruwar littafin, an hana ta karatu. Wanda ya fara karya mata zuciya kuwa shi ne Amadu, wanda ta sa rai za ta aura, domin da ya yi boko sai ya ga ta zama jahila, ya guje ta. Daga nan aka ɗaura mata aure da tsoho Sarkin Noma. Ka ga an nuna wa yarinya abu biyu a lokaci guda: auren dole cuta ne, haka kuma saurayin da ke raina ki bai cancanci hawayenki ba, ko da ke kika zaɓe shi. Abu ba ta nemi hallaka kanta ba. Gudu ta yi zuwa birni wurin wata uwa daga cikin danginta, Hajiya Kumatu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Watau marubuciyar ta maido da babbar mace a matsayinta na da, na mai ba da shawara, ta kuma nuna wa mai karatu ƙofar da za ta ƙwanƙwasa in abu ya yi tsanani. Inda nake da ja kawai shi ne nasarar Abu ta zo a shirye sosai, alhali ba kowace yarinya ke da Hajiya Kumatu a birni ba.

Saura batun ƙawa, wanda a nan ne yawancin littattafan soyayya da na karanta suka gaza. Bahaushe ya ɗauki ƙawance da muhimmanci, har akwai babbar ƙawa a sha'anin biki, wadda ke tsaya wa amarya tun daga kamu har kai ta ɗaki. Amma a littafi ƙawa ɗayan biyu ce: ko 'yar aike mai kai wasiƙa, ko maciya amana mai ƙwace saurayi. Da wuya ka ga ƙawaye biyu suna hirar da ba ta namiji ba, ko wadda za ta dubi 'yar'uwarta ta ce mata, "Wannan yaron da ke hana ki zuwa gidan kowa, yana bincikar duk inda kika je, ba kishin so ba ne." Yarinyar da ta tashi da irin wannan karatu sai ta riƙa zargin ƙawayenta, ta riƙe sirrinta ita kaɗai, a daidai shekarun da ta fi bukatar wanda za ta gaya wa.

Marubutan da suka biyo baya, har da masu sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp, sun gaji rijiyar Sumayya fiye da yadda suka gaji hanyar Abu, ita kuwa ƙawa har yanzu saƙo take kaiwa, sai dai yanzu ta waya.